Kwalbatin Ƙauyenmu a Ƙarshen Jeri

A shekarun da na yi ina riƙe da sashen ayyuka a Dutsin-Ma, ni ne mai tsara jerin gyare-gyaren da za a shigar cikin kasafin kuɗin shekara: lambatun da suka toshe, rijiyoyin burtsatse da suka ƙafe, rumfunan kasuwa da iska ta kware. Al'adar kwamitin da ke duba jerin sananniya ce. Daga sama suke farawa, inda kuɗi suka ƙare su ja layi, abin da ke ƙasa kuwa ya jira baɗi.

Akwai kwalbati a kan koramar da ta raba ƙauyenmu da hanyar Kurfi. Wata damina ruwa ya zaizaye gindinsa, gefe guda ya rufta. Tun daga nan amalanke ba ta hawansa, sai a sauke buhuna a ɗauka a ka. Ni da kaina na je na auna shi, na kuma tabbata ya fi yawancin abin da ke jerin cancanta. Amma can ƙasa na rubuta shi, domin ban yarda a ce na karkata aikin hukuma zuwa ƙofar gidanmu ba.

Duk sallar da na je gida, wana, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, yakan tare ni a zaure.

"Injiniya, bana ma kwalbatin namu bai samu shiga ba?"

"Yana cikin takarda, Yaya."

"Bara ma a ciki yake. To, Allah Ya fito da shi lafiya."

Ban taɓa gaya masa inda na ajiye shi ba.

Shekarar da zan bar aiki na ƙudura cewa ya isa haka. Na sa kwalbatin na farko a jerin, na miƙa wa akawun da ke buga mana takardu, mutum mai yawan barkwanci. Ya duba, ya yi murmushi.

"Ranka ya daɗe, an fara share hanyar komawa gida ke nan?"

Wasa yake yi, na kuwa sani. Duk da haka sai na ji kamar an ture mini hula a bainar jama'a. Na karɓe takardar, na soke kwalbatin daga sama, na mayar da shi inda ya saba zama. A bisansa aka ja layin wannan shekarar ma.

Yanzu a ƙauyen nake zaune. Idan korama ta kawo, nakan naɗe wando, in riƙe takalmana, in bi sahun masu ɗauke da buhuna. Wana ya tsufa, ranar zuwa asibiti goya shi ake yi a ƙetarar. Ya daina yi mini maganar kwalbati.

Wanda ya gaje ni a ofis mai ladabi ne, kalma ɗaya daga bakina za ta iya isa. Sau uku ke nan ina zuwa wurinsa. Mu gaisa, ya ce, "Baba, me ke tafe da kai?" In gyara zama, in ce masa gaisuwa ce kawai.