Ɗan Farin Kakata

Shekarar da aka cire jihar Kebbi daga Sakkwato ina ƙaramin ma'aikaci, aka ce kowa ya koma jiharsa. Na dawo gida Jega ina jiran a faɗa mini inda zan kama aiki. Wata ranar kasuwa ina bayan ɗan kabu-kabu, motar hatsi ta yo baya ta buge mu, ƙafata ta dama ta karye a ƙasan gwiwa. Mahaifina bai tsaya wata shawara ba, ya sa aka kai ni Aliero wurin masu ɗori.

Aka ba ni wani ɗakin ƙasa mai 'yar taga can sama. Mai ɗorin ya ja ƙafar, ya ɗaure ta da karare, ya ce ko juyi zan yi sai an kama ni. Daga shimfiɗata ba na ganin komai sai katanga da ƙafafun masu wucewa ta bakin ƙofa. Warin albasa ya cika unguwar, a ɗakin da ke jikin nawa kuma wani direba yana ta nishi. Abokan aikina duk suka kama aiki a Birnin Kebbi, ni ko buta sai an miƙo mini.

Wadda ta zo jinyata ita ce Kaka, mahaifiyar mahaifina. Kowa ya yi mamaki, domin ba ta kwana ko'ina sai gidanta na Maiyama. Mahaifina ya gina mata ɗaki a Jega, ya yi roƙo har ya gaji, ta ƙi tashi. Mu jikoki taurin kai muka ɗauke shi.

Ƙanena ya kawo mini rakoda da kaset-kaset na waƙa don in rage zafin zama. Da waƙoƙin suka gundure ni sai na koma sauraren Kaka, wadda ba ta iya dama fura bakinta a rufe. Ta ba ni labarin shekarar da fara ta cinye gero, da yadda kakana ke kora jakuna ɗauke da gishiri zuwa kasuwar Jega. Ban taɓa jin ko ɗaya ba. Wata hantsi na danna rakodar don in ɗauki muryarta a kan wani kaset ɗin waƙa. Tana ganin jar wutar rakodar ta katse labarin.

"Mi za ka yi da maganar tsohuwa?"

"Don 'ya'yana su ji, Kaka."

"Kai da anka ɗaure, kai za ka ɗaure muryata cikin akwati? Samo matar tukuna."

Ta ɗauki kwanaki ba ta yarda ba. Na bar rakodar kusa da tabarmarta, har dai ta saba da ita, ta daina kallonta.

Ranar da aka kwance karan aka sake ɗaurewa, na sha wuya har na yi kuka. Bayan mai ɗorin ya fita na ce mata na gaji, ji nake kamar an rufe ni da rai. Ta daɗe tana yi mini fifita, sannan ta ce in kunna abin nawa.

Ta ce kafin mahaifina ta haifi wani ɗa. Na san da haka sama-sama, amma a gidanmu ba a zancen. Ya tashi saurayi mai son fatauci. Wata shekara bayan an gama girbi ya bi ayarin masu zuwa Kurmi sayen goro, ya ce da faɗuwar ruwa zai dawo. Abokan tafiyarsa suka dawo ba shi. Wani ya ce ya gan shi a bakin teku yana dako, wani ya ce ya ji ya yi gabas. Kakana ya bi sawu har guzurinsa ya ƙare. Ba a ga gawa ba, balle a yi zaman makoki a huta.

"Shi bai san gidan ubanka na Jega ba," in ji ta. "Ƙofa guda ya sani. In ya zo ya iske ta a rufe fa?"

Na ce, "Kaka, mene ne sunansa? Ki faɗa kaset ya ɗauka."

Ta sunkuyar da kai. Ɗan fari ne, bakinta bai taɓa kama sunansa ba, ko ran da ya tafi ba ta raka shi zaure ba saboda kunya. Na yi ta lallashi, na ce ba kowa sai ni. Ta ce, "Tambayi ubanka." A kaset ɗin, wurin nan ba a jin komai sai mafici da nishin direban nan.

Tun ban fara taka ƙafar ba, Kaka ta ɗaure kayanta. Ta ce ta bar gida da yawa, maƙwabciyar da ta bar wa tsaro kuma kurma ce, ko an yi sallama ba za ta ji ba. Na ji haushi a lokacin, amma ban hana ta ba. Ƙanena ya raka ta tasha, aka turo ƙanwar mahaifiyata ta ƙarasa jinyar.

Da mahaifina ya zo duba ni na kunna masa. Ya saurara har ƙarshe yana kallon ƙasa. Ya ce shi bai taɓa jin ta yi maganar ba, tun yana yaro. Na danna rakodar na miƙa masa, ya faɗi sunan yayan nasa, ya ƙara da cewa yana da wushirya, kuma shi ya koya masa iyo a gulbi.

Kaka ta rasu a Maiyama bayan 'yan shekaru, a ɗakinta. Aka zo rabon gado wasu suka ce a sayar da gidan. Mahaifina ya ƙi, ya sa wani ɗan ƙanwarsa ya tare a ciki da iyalinsa.