Waƙafi, Mijin Yayata

Mijin yayata mai gyaran rubutu ne a wani gidan jarida da ke fitowa da Turanci. Aikinsa shi ne a kawo masa shafi kafin a kai wa injin buga jarida, ya bi shi layi-layi da jan biro yana tsamo kurakurai. A ofis aka laƙaba masa Waƙafi, saboda wata rana ya hana injin tashi, ma'aikata na tsaye cirko-cirko, direbobin rarraba jarida na ta danna hon a waje, shi kuwa yana can yana musu da edita a kan waƙafi, 'yar ƙugiyar nan da ake sakawa a tsakiyar jimla. Sunan ya biyo shi har gida. Bai taɓa jin haushinsa ba, shi a ganinsa lambar yabo aka ba shi.

Na taɓa kai masa saƙo ofishin. Wani lungu ne a ƙarƙashin matakala, ba taga, sai fanka mai kuka da warin tawada. An tokare ƙafar teburinsa da tsohuwar jarida, ga ƙamus-ƙamus da bayansu ya yage an like da salatif. Yana zaune a ciki ya shaƙe wuya da lakatayi, gumi na bin gemunsa, amma yadda ya dube ni sai ka rantse shi ne mai kamfanin.

Ba zan ci haƙƙinsa ba, Turanci dai ya iya shi. Kuma yawancin abin da yake kuka a kai gaskiya ne. 'Yan jarida na kawo masa labari sun mai da mace namiji, sun mai da jiya gobe, mutum ɗaya ya zama jam'i a tsakiyar jimla. Matsalar ita ce ban da Turancin nan, ban san wani abu guda da bawan Allahn nan ya iya ba. Bai iya canja ƙwan lantarki ba. Bai iya gaisuwar mara lafiya ba. Bai iya sauraron mutum har ya kai ƙarshen maganarsa ba, domin shi ba abin da kake faɗa yake ji ba, inda za ka yi tuntuɓe yake jira.

Ko ina aka taru, zancensa ɗaya ne. Zai gyara tabarau, ya yi ajiyar zuciya kamar wanda aka yi wa rasuwa, ya ce, "Turanci ya mutu. Mu da muka yi karatu, in ka ɓata jimla ɗaya sai ka kwana da kunya. Yanzu mai digiri biyu ba ya iya rubuta takardar neman hutu."

In muka gan shi tafe, sai kowa ya koma Hausa zalla, har masu son burga.

Yayata kuwa mace ce mai haƙuri har ya yi yawa. Da safe tana haɗa shayi, shi yana falo yana faɗa da rediyo. Mai karanta labarai na ba da labarin ambaliya ta cinye gidaje, shi kuwa yana buga hannu a kujera yana cewa, "Ji jaki! Aikatau ɗin bai dace ba!" Ta ce, "Malam, mutane fa aka ce sun mutu." Ya ce, "To ai sai a faɗe shi daidai."

'Ya'yansu biyu. A teburin cin abinci doka ce sai Turanci, kuma in yaro ya yi kuskure sai ya maimaita jimlar daidai kafin ya kai cokali baki. Babban, namiji, da ma yana da 'yar in'ina. Ya gwada, ya gaji, daga baya ya gano cewa wanda bai yi magana ba ba ya kuskure. Tun daga nan muke kiransa Shiru. Yanzu gyaran firij yake yi, yana da rufin asirinsa, amma har yau sai ka yi da gaske kafin ka ciro kalma biyar daga bakinsa.

Auta ce ta fita daban. Yarinyar ta ɗauki abin da zafi, ta ce sai ta burge ubanta. Ta haddace duk abin da ya ɗora mata, ta ci gasar muhawara a makaranta, ta kawo kofi gida. Ya karɓi takardar shaidar, ya ɗaga ta sama, ya ce wanda ya buga ta ya manta babban baƙi a wuri ɗaya. Ina wurin. Na ga yadda ta ajiye kofin a kan firij a hankali ta shige ɗaki.

Ana nan sai gidan jaridar ya sayo kwamfutoci masu ja wa kuskure layi da kansu. Aka kira Waƙafi, aka yi masa godiya, aka ba shi agogon bango, aka ce ya je ya huta. Bai huta ba, mu ma bai bar mu mun huta ba. Kullum sai ya sayi jaridar, ya bi ta da jan biro, ya sa a ambulan ya aika wa edita. Ya koma bin titi yana karanta allunan shaguna. Ya tsaya wa mai aski, ya tsaya wa mai sayar da taya. Har shagon ɗinkina ya zo.

"Ƙanwata, wa ya rubuta miki wannan allon?"

"Mai fenti, Yaya."

"Kin san abin da ya ce? Cewa ya yi ke ake ɗinkawa, ba kayan ba."

"To ai masu kawo ɗinki ba su taɓa kawo allura su soka mini ba. Ka zauna ka sha ruwa."

Bai zauna ba. Ya tafi yana girgiza kai, wai da mu ake kashe harshen.

A wannan tsakanin Auta ta gama jami'a ta sami aiki a wani gidan rediyo mai zaman kansa. Ta daɗe tana rubuta wa wasu labarai suna karantawa, kafin aka ba ta shirinta na kanta, na Turanci, da hantsi, inda masu sauraro ke bugo waya. Ranar farko duk muka taru a falon yayata. Har Shiru ya rufe shago ya zo. Muryarta ta fito tas, ba rawa ba gargada, tana hira da wata likita a kan ciwon suga. Yayata na share hawaye da gefen mayafi. Ba wanda ya lura lokacin da maigidan ya tashi ya shiga ɗakin kwana ya turo ƙofa.

Sai muka ji Auta ta ce akwai mai kira a layi. Murya ta fito daga rediyon, muryar da muke ji a lokaci guda tana ratsowa ta jikin ƙofa. Bai faɗi ko shi wane ne ba, ya ce shi dai tsohon mai sauraro ne. Ya ce ba shi da tambaya ga likita. Ya kira ne don ya sanar da mai gabatarwa cewa tun da ta fara ta yi kuskuren nahawu a wuri kaza da wuri kaza, ya jero su ɗaya bayan ɗaya, ya kuma nemi ta maimaita jimlar ƙarshe daidai domin yara na saurare.

Rediyon ya yi tsit. Can Auta ta ce, da Turancinta mai kyau, ta gode wa mai kira. Ba ta maimaita ba. Aka saka kiɗa.

Ya fito daga ɗaki yana gyara tabarau, fuskarsa har sheƙi take yi. Yayata ta miƙe tsaye.

"Malam, 'yarka ce fa."

"Shi ya sa. Da ta wani ce ina ruwana?"

"Ba za ka iya jira ta dawo gida ba?"

"Kuskuren a gida ta yi shi? A gaban jama'a ta yi, a gaban jama'a za a gyara."

Shiru ya ɗauki makullin babur ɗinsa ya fita. Ni kuwa na ce abin da ke bakina, wanda ba zan maimaita a nan ba.

Wani ya naɗi kiran, ya bazu a wayoyi, kuma ba a daɗe ba aka gano uba ne da 'yarsa. Mutane suka yi ta dariya. Manajan gidan rediyon, wani mai tumbi da ba ya ganin komai sai abin da zai jawo masu talla, ya ga kasuwa ta buɗe. Ya aiko a tambayi Waƙafi ko zai karɓi fili duk mako ya riƙa gyara wa mutane Turanci. Mai hankali zai ce a'a, ko don idon 'yarsa. Shi kuwa sabon lakatayi ya saya.

Auta ta yi ƙoƙarin daurewa. Tana shiga ofis ana ƙunshe dariya, masu kira na bugowa su ce a gaishe da Baba, wasu su ce ta maimaita jimla. Ga uban nata kuma yana ratsa farfajiyar gidan rediyon da jakarsa, yana gaisawa da masu gadi kamar gidan gadonsa. Ba ta kai ƙarshen shekara ba ta ajiye aikin, ta sami wani a wani gari mai nisa, a ofishin da ba a jin muryar kowa. Ranar da za ta tafi ta biyo ta shagona.

"Anti, ba kuskuren ne ya dame ni ba," in ji ta. "Na saurari shirin daga baya, gaskiyarsa ce, na yi kurakuran. Amma ya zauna yana ƙirgawa. Tun daga gaisuwa yake ƙirgawa."

Shirin nasa ya yi tashe na ɗan lokaci. Yana karanta allunan shaguna da saƙonnin mutane, yana kiran masu su jahilai, jama'a na shewa, kowa na zaton da maƙwabcinsa ake. Shi kuwa ya ɗauka gyara yake yi, bai san kallon mahaukaci ake yi masa ba. A hanya matasa na tare shi su yi masa gurɓataccen Turanci da gangan don su ga ya fusata su ɗauka a waya. Ƙarshe ya ɗauko tallar wani mai sayar da katifa, wanda shi ke ɗaukar nauyin rabin shirye-shiryen tashar, ya yi mata fata-fata a iska. Mako na zagayowa mai gadi ya tare shi a ƙofa, ya ce manaja ya ce an sauya tsari.

Yanzu ya tsufa. Idonsa ya yi rauni, sai da gilashin ƙara girma yake karatu. Yayata na nan tare da shi, tana dafa masa, tana ba shi magani, amma ta daina amsa masa in ya fara zancen Turancinsa. Auta ta yi aure a can, ta haihu. Tana kiran uwarta kusan kullum, tana kirana, tana aiko wa uban da kaya da maganin hawan jini. In aka miƙa masa waya, gaisuwa ce da Hausa, ya jiki, Allah ya ƙara sauƙi, sai ta ce a ba Mama. Ko saƙon waya ba ta taɓa rubuta masa ba.

Kwanan baya ya lallaɓo shagona da sanda, ya miƙo mini takarda a ninke. Sanarwar mutuwarsa ce ya rubuta da kansa, da Turanci, wai in adana, in lokaci ya yi a buga ta yadda take, kada a bar wani ɗan zamani ya taɓa masa ita. Na karɓa na jefa a durowar da nake ajiye zare. Ya zauna a benci yana kallon keken ɗinki.

"Ƙanwata, kuna waya da Auta?"

"Muna yi, Yaya."

"Takan tambaye ni?"

"Jiya ma ta tambaya ko kana shan maganinka."

Ya gyaɗa kai. Na dakatar da keken, na zaci yau dai zai faɗi abin da ya kamata ya faɗa tun tuni. Ya murza sandarsa, ya ɗago.

"Yaron nata ya fara magana, ko? Wa ke koya masa Turanci?"

Na ce ban sani ba, na taka kekena na ci gaba da ɗinki.