Gonar Ɗorawa

Duk ranar da na ɗora tukunyar kalwa, warin ya tashi, sai na tuna gonar da muka rasa a Dingaya.

Babana agola ne. A goye uwarsa ta shigo da shi gidan tsohon da muke kira Kaka. A nan ya girma, ya yi masa noma har ya yi furfura. Amma agola ba ya gado, kowa ya sani. Shi ya sa Kaka ya kira liman da shaidu biyu, ya ce bayan ransa gonar ɗorawa ta Babana ce.

Ɗorawa uku ne a cikinta. Da bazara mu kaɗo, mu sha garin har bakinmu ya yi rawaya. Inna ta wanke kalwa, ta dafa, ta yi daddawa, a kai kasuwar Gwaram. Da ita muke ci.

Sai Babana ya riga Kaka rasuwa. Ciwon ciki, kwana uku, tsakiyar damina.

Bayan Inna ta fita takaba, wata maƙwabciya ta ce mata ta je tsoho ya sake maganar da sunanmu, mu 'ya'ya. Inna ta ce, "In tsaya gaban surukina in yi masa zancen mutuwarsa? Da wane bakin?" Matar da ko ruwa ba ta sha a gabansa. Ba ta je ba. Shi kuma Kaka ya ɗauka magana tana nan. In ya gan ni sai ya ce, "Amarya, yaya gonarku?"

Shekara biyu ya ƙara, ya rasu bayan an kai gero rumbu.

Ranar rabo ina bayan zana ina ji. Shaidu suka faɗi abin da suka ji, babu wanda ya musa. Liman ya ce wasiyya tana tsayawa ne in wanda aka yi wa yana raye ranar da mai ita ya cika. Tunda Babana ya riga tsoho, ta faɗi, gona ta koma cikin gado. Da tsoho ya ambaci yaran ko sau ɗaya gaban shaidu, da shi ke nan.

Baffa, babban ɗan Kaka, ba mugu ba ne, nasa bakunan sun yi yawa. Ya bar mu muka kaɗe ɗorawar shekarar. Da shekara ta zagayo ya sayar. Muka taso Birnin Kudu, Inna tana surfe a gidajen mutane har ta rasu. Ban taɓa jin ta zargi kowa ba.

Yanzu ni ke daddawa, kalwa kuwa da tiya nake saye. Ban yi karatu ba, amma wannan na iya shi. Akwai yarinyar da nake riƙo, ba ni na haife ta ba, ba ta da gadona. Bara na tara maƙwabta, na kwance akuyata mai ciki, na sa igiyar a hannunta. Aka ce ina gaggawar me, ai da sauran ƙarfina.

Na ce Babana ma da sauran ƙarfinsa.