Yatsun Baffa a Bangon Zaure

Jiya ruwan farko ya sauka a Jalingo, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tuno mini da Baffa, wan mahaifina. Ba ya wuce tsohon zauren unguwarmu ta Turaki sai ya dafa bangonsa. Dokar dattawa ce: zauren da kakanninmu suka gina yaɓe shi ake yi, ba a rushewa.

Wata shekara, zamanin Turawa, bangon ya tsage. Duba-gari ya zo da lebura da diga, wai bangon zai faɗo wa mutane. Ni kuma ina gefe ina kwaɓa ƙasa. Baffa ya ɗebi laka ya cusa a tsagar, ya bar hannunsa a wurin.

"Baba, janye hannunka," in ji duba-gari.

"Ɗana, ce masa ya sara. Da hannun da bangon duk tsofaffi ne."

Lebura ya ɗaga diga, ta tsaya a sama. Can duba-gari ya ce, "Na ba ku zuwa Juma'a." Unguwa ta fito, muka yaɓe.

Har yau shatin yatsunsa yana bangon. Allah ya sanyaya makwancinsa kamar inuwar zauren nan.