Yaƙin da Aka Ɗauki Baban Iya Dije

Sanyin Riyadh yana da cizo, wanda bai zauna a garin ba ba zai yarda ba. Idan muka sauke kayan gwari a kasuwar Aziziya da asuba, sai ka ga masu dako sun kewaye ɗan garwashi a bayan motoci suna ɗumama hannu. Duk lokacin da na tsuguna a cikinsu, kakata Iya Dije ce ke faɗo mini a rai.

A ƙauyenmu na ƙasar Maraɗi, bayan an ci tuwo, takan hura wuta da karan dawa a ƙofar ɗakinta, ta tura gyaɗa cikin toka, mu jikoki mu zagaye ta. Ni take kira angonta, kuma ni take fara hana wa gyaɗar, wai ban kawo mata cefane ba. Yawancin labaranta na kura ne da zomo, mu yi ta dariya. Amma akwai guda ɗaya da take bayarwa ba tare da wasa ba. Idan za ta fara shi, sai ta gyara zama ta ce, "Ku matso. Yau ba ƙarya zan yi muku ba, wannan a kan ubana ya faru."

Ta ce a can ƙasar Nasara akwai manyan sarakuna, wasunsu ma 'yan uwan juna ne. Kowa ya tara bindigogi da jiragen ruwa, kowa yana hangen abin da ke hannun ɗan uwansa, kowa kuma yana tsoron a riga shi. Saboda tsoron nan suka rabu gida biyu, suka yi rantsuwa cewa wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa duka. Ana nan, sai ɗan sarkin wata babbar ƙasa ya kai ziyara garin da ba a ƙaunar mulkinsu, wani saurayi ya harbe shi da matarsa. Babbar ƙasar ta ɗora laifin a kan wata ƙaramar maƙwabciya, ta gindaya mata sharuɗɗan da ta san ba za su cika ba. Ƙaramar ta kira yayanta, babbar ta kira amininta, aminin ya ce tun da za a yi, gara ya fara da wanda ke bayansa.

"Kowa cewa yake shiri kawai yake yi," in ji Iya. "Wannan ya ga wancan ya ɗaura ɗamara, shi ma ya ɗaura. Babu wanda ya yarda ya zama na farkon da zai zauna."

Daga nan sai labarin ya iso ƙauyenmu. Nasara suka aiko wa mai gari a ba su samari. Aka kama babanta Tanko da ƙanensa a gona, gero ya nuna ba a girbe ba, aka tafi da su. Bayan shekaru Tanko ya dawo shi kaɗai, da tari wanda bai rabu da shi ba har ya rasu, sanyin ramukan yaƙi kuma ya cinye masa yatsun ƙafa. Na taɓa tambayarta sunan ɗan sarkin da aka harbe. Ta dube ni ta ce, "Angona, ubana ma da ya je bai sani ba. Ya binne ƙanensa a ƙasar da bai iya faɗin sunanta ba."

A lokacin tausayin Tanko kawai nake ji. Sai da na yi furfura a gemu, ina tuƙa motar kaya a nan, na gane sauran.

Bara, wani yaron garinmu mai suna Isuhu ya yi cacar baki da wani mai dako ɗan Najeriya, Bala, a kan wa zai sauke motar tumatir. Bala ya ture shi, ya faɗi a kan akwati, leɓensa ya fashe. Kafin la'asar hoton jinin ya zagaye wayoyi. Mutanenmu na unguwar Shifa suka ce suna tafe, na ɓangaren Bala kuma aka ce sun kira nasu daga unguwar Nasim. Wasu samari suka same ni ina wanke mota.

Babbansu, Mamman, ya ce, "Kawu, gobe da asuba za ka kwaso mana mutane daga Shifa."

Na ce, "A cikinku wa ya ga abin da ya faru?"

Mamman ya ce, "Ba sai mun gani ba. Namu ne aka taɓa."

"Idan shurɗa, 'yan sandan garin nan, suka zo fa? Mai iƙama, takardar zama, da marar ita duk za a kwashe, a kai tarhil, gidan tsare waɗanda za a kora, a mayar da ku gida hannu wofi. Wa zai ciyar da 'ya'yanku?"

"Wato tsoro kake ji, Kawu."

Maganar ta yi mini zafi, don yaro ne da na goya a wuya a ƙauye. Amma na ce masa motata ba ta zuwa ko'ina. Na rufe ta, na sa makulli a aljihu, na taka har masaukin 'yan Najeriya, inda ban taɓa shiga ba. Samarin da ke ƙofa suka miƙe tsaye da ganina. Na yi sallama na nemi dattijonsu, Alhaji Sani.

Ashe shi ma tun rana ake matsa masa. Ya zuba mini shayi ya ce, "Malam Garba, da ba ka zo ba, ban san yadda zan hana su ba. An ce mini kun riga kun shirya." Na ce mu ma haka aka gaya mana game da su. Muka sa aka kira Bala da Isuhu. Bala ya amsa cewa ya yi turin, ya ba da haƙuri a gaban kowa. Isuhu ya miƙa hannu yana kallon ƙasa. Washegari kowa ya fito dako kamar kullum.

Ba kowa ne ya yafe mini ba. Mamman har yau gaisuwar fatar baki yake yi mini, wasu kuma suna cewa na zubar da mutuncin gida. Ina ji, ba na tanka musu. Abin da na ɗauka daga Iya Dije shi ne, manyan nan ba mahaukata ba ne, kunyar ja da baya ce ta kai su, talakawa irin Tanko suka biya da jininsu. Ni ba sarki ba ne, mota ɗaya ce a hannuna. Amma muddin ni ke riƙe da sitiyarinta, ba za ta kai ɗan kowa faɗan da bai san mafarinsa ba.