Jarkar da Na Ɓoye wa Baba

Da Baba ya yi ritaya daga gyaran injin jirgin ƙasa a Kafanchan, sai ya kamu da son wata motar tsere ta Turai da ya gani a tsohuwar mujalla, irin masu yini su kwana suna gudu. Gajeriya ce, tana da doguwar wutsiya da ramuka a hanci da haƙarƙari.

"Duba ramin nan," yakan ce mini. "Iska ne yana shiga, ya sanyaya burki da mai. Ba gudu suke gwadawa ba, jimiri ne."

Tsohuwar motarsa kuwa ko ɗan tudu ta hau sai ta tafasa. Ba a fita da ita sai da jarkar ruwa, kamar kowace tsohuwar mota a garinmu. Baba ya huda mata hanci, ya lanƙwasa kwanon rufi ya yi bututun da ke kai iska ga lagireto. Yayana ya ce tsufa ya taɓa shi, a karɓe makulli. Baba ya ce a bar shi ya je Kagarko ya ɗauko citta ya dawo, ba tare da ya ƙara mata ko ɗigon ruwa ba. In ta tafasa, shi da kansa zai miƙa makullin.

Ni na raka shi. Ina son Baba, amma ban yarda da kwanon rufi ba, don haka na tura jarka ƙarƙashin kujerata.

Wayyo daɗi! Iska na shiga bututun da fito, Baba na rera waƙar coci da ƙarfi, ni kuwa idona na kan allurar zafi kamar mai gadin tukunya. A dawowa, da buhu shida a baya, muka kama babban hawan da motar take mutuwa a kai kullum. Allura ta ɗaga, ta yi rawa, ta tsaya. Na yi ihu har masu acaɓa suka waiwayo.

A ƙofar gida yayana ya ɗora hannu a bonet, ya ji ba ta tafasa ba. Baba ya jefa makulli aljihu, ya leƙo ta tagata.

"Malama, wannan jarka da yake ta kuka a ƙarƙashinki tun safe, kai wa tumatir na mamanki."

Kunya ta rufe ni. Na ɗauke ta cike, kamar yadda na sa ta.