Ranar da Na Yi wa Doya Kuka

Ko na kai shekara ɗari biyu, haƙora suka zube har na koma shan kunu da cokali, ba zan manta da tafiyar da na yi neman takardar shaidar asali ba.

A unguwar Television ta Kaduna aka haife ni. Mahaifina ya zo daga Binuwai aikin masaƙa, ya rasu a nan, aka binne shi a nan. Ni kuwa a majalisarmu ta 'yan dara babu wanda ya kai ni kare tsarin kwota, wato ware wa jihohin da aka bari a baya gurabe a jami'a. In na fara bayani, har masu acaɓa kashe mashin suke yi. "An riga mu shiga aji da shekara ɗari," nakan ce, "a bar mu mu kamo!" Ina faɗa ina bugun ƙirji, alhali 'yata makarantar kuɗi take, da malaman lesin har uku.

To, yarinyar ta nemi karatun likita. Makinta ya yi kyau, amma bai kai na sahun farko ba. Sai ta ƙofar kwota, ita kuma sai da takardar asali. Na je wani ofis da ƙwarin gwiwata. Ma'aikacin ya ce, "Oga, ina ne ƙauyenku?" Na ce Television. Ya cire tabarau ya ce, "Ba inda kake kallon bal na tambaye ka ba. Ina kakanka yake kwance?"

Haka na ɗauki 'yata muka nufi ƙauyen da rabona da shi tun ina goye.

Mun tarar da layi a ƙofar dagaci. A gabanmu akwai wata budurwa da silifas, ta rungume takardunta a leda. 'Yata ta ja ta da hira, ashe ita ma karatun likita take nema, jami'a ɗaya. Makarantarsu ba ta da malamin kimiyya, da littafin aro ta yi karatu, kuma tsakanin makinta da na 'yata bai fi tsawon farce ba. Na ce, "Kin gani? Don irinmu aka yi kwota!" Budurwar ta dubi motata, ta ce, "Haka ne, Baba."

Al'adar garin ita ce dagaci ba ya sa hannu sai ka nuna kabarin kakanka da kanka, ba ɗan jagora. Na gaishe shi da Hausa, ya amsa da yaren da ya kamata a ce nawa ne. Da ya ga ina murmushi kawai, ya ce, "Ɗan Kaduna, mu je ka nuna mana."

Rabin gari ya biyo mu. Na zaga bayan gidaje, na hangi wani tulin ƙasa mai kyau, an gyara shi tsaf. Na zube a gabansa. Jama'a, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izar mahaifina. "Kaka, ga jikanka ya dawo!" 'Yata tana jan rigata, "Dadi, tashi, akwai irinsa da yawa." Na ɗaga kai, sai ga kakanni sun fi ɗari a jere.

Dagaci ya ce, "Wannan doyar matata ce. Amma ci gaba, bana ruwa ya yi ƙaranci."

Wata tsohuwa ce ta cece ni. Ta kama haɓata, ta juya fuskata hagu da dama kamar mai tayin akuya, ta ce hancin nan na gidansu ne, babu mai satarsa. Ashe gwaggon mahaifina ce. Dagaci ya sa hannu yana share hawayen dariya. Ya ce, "Ku ba kwa tuna mu sai yaranku sun gama sakandare."

Sunaye suka fito, 'yata ta samu. Na yi rawa tun daga Television har Unguwar Boro. Da na buga waya a shaida wa gwaggo, na tambayi labarin budurwar nan. Aka ce ba ta samu ba. Daga baya na ji ta sake gwadawa, ba ta samu ba, yanzu ɗinki take koya.

Ba zan rantse cewa kujerarta 'yata ta hau ba. Amma takarda iri ɗaya muka karɓa, hatimi ɗaya, kuma a idon jami'a ni da ita duk an bar mu a baya daidai wa daida. Har gobe ina ganin wanda aka bari a baya ya cancanci a jira shi. Abin da na koya shi ne, in ka ji mutum yana ihun an bar shi a baya, leƙa ka gani ko a ƙasa yake ko a cikin mota. Ni dai a mota nake, har da na'urar sanyi.